Hawayen Alhaji a Shafin Bayan Labule

Ranar da Mubashir ya fara ganin Ummulkhair, kwalayen turare ya je ɗauka a shagon mahaifinta da ke kasuwar Al Sabkha, can a ƙasar Larabawa, don shi ma'aikacin wani kamfanin kargo ne mai jigilar kaya. Ya tarar Alhaji Ɗalhatu ya ba ƙofa baya, yana yi wa alƙalin wasan resilin faɗa a talabijin kamar mutumin yana jin Hausa. Gwaninsa ne ke kokawa, wani ƙato da shi da kansa ya raɗa wa suna Baƙin Bijimi.

Mubashir ya ce ƙasa-ƙasa, "Yanzu za a buge alƙalin, a shigo da kujera."

Bai rufe baki ba aka yi hakan. Budurwar da ke rubuta suna a jikin kwalaye ta ɗago ta dube shi.

"Malam, duba kake yi?"

"Ba duba ba ne, tsarawa ake yi. Akwai masu zama su rubuta wa zai ci, wa zai faɗi."

Ta yi murmushi ta ce, "To rage murya. In Abba ya ji ka, khalas, shi ke nan kun rasa kwastoma."

Daga nan Mubashir ya zama mai yawan mantuwa. Yau ya bar biro, gobe ya dawo tambayar nauyin kwalin da shi ya auna. Kafin watan ya ƙare yana kiranta Khairina, ita kuma tana ce masa Malam Mai Duba.

Yana da shafi a Fesbuk mai suna Bayan Labule, inda yake sharhin resilin da Hausa ba tare da sa sunansa ba. Ita kaɗai ya gaya wa.

Matsalar ita ce Alhaji yana da nasa zaɓin, Salmanu, ɗan amininsa, yaro mai kunya da ke zuwa gidan Alhaji a unguwar Al Qusais kallon wasa tare da shi. Da Umma, mahaifiyar Ummulkhair, ta kai masa maganar Mubashir, cewa ya yi, "Ban san asalinsa ba. Salmanu kuwa a gabana ya girma."

Ana cikin haka aka karɓe kambu daga hannun Baƙin Bijimi. Ummulkhair ta turo saƙo:

"Malam Mai Duba, yau Abba har da hawaye. Ya ƙi cin abinci, wai an zalunci bawan Allah. Ni tausayi ya ba ni wallahi. Kar ka gaya wa kowa."

Haushin Alhaji na cin Mubashir, ga kuma son a yaba masa. Ya rubuta a shafinsa cewa masu tsara wasan sun yi wauta, sun kayar da tsohon gwani don kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, sun ɗora yaron da bai iya ko faɗuwa ba. Da a nan ya tsaya da ba komai. Sai ya ƙara da cewa, "Har akwai wani dattijo mai turare a Sabkha da ya yi kuka ya ƙi tuwo saboda wasan kwaikwayo."

Masu turare a Sabkha da ke kallon resilin ba su da yawa. Washegari 'yan kasuwa suka riƙa leƙowa shago suna yi wa Alhaji ta'aziyyar Bijimi, wani har ya kawo masa hankici. Dattijon da ake gaisarwa a durƙushe ya koma shiga shagonsa ta baya.

Baƙo ɗaya ne a falon ranar da ya yi kukan, wato Salmanu. Alhaji ya ɗora masa laifin rubutun, ya hana shi zuwa gidansa, ko rantsuwarsa bai saurara ba. Sannan ya ce wa Umma yaron kargon nan ya turo magabatansa.

Mubashir ya samu abin da yake nema, amma ya kasa murna. Ya goge rubutun, sai dai magana zarar bunu ce. Ran da ya hango Salmanu a tashar bas duk ya rame, sai Mubashir ya tsallaka titi don kar su gaisa. Kunyar kansa ta ishe shi.

Ummulkhair ta daina ɗaga wayarsa. Daga baya ta rubuto:

"Amana na ba ka, ka kai ta kasuwa. Laifina ne da na faɗa maka, kullum in na kai wa Abba shayi ba na iya kallon idonsa. Ina sonka, Mubashir, Allah ya sani. Amma ba zan shiga ɗakinka a kan ƙaryar da aka ɗora wa Salmanu ba."

Ya amsa mata:

"Kin yi gaskiya, Khairina. Gobe zan je wurin Abba. In na rasa ki, ni na jawo."

Ya samu Alhaji shi kaɗai a shago, ya durƙusa ya faɗi komai, bai rage ba. Alhaji ya daɗe yana juya kwalbar turare a hannu.

"Ko tsarawa ake yi, ko ba tsarawa ba, ni ban tambaye ka ba," in ji shi. "Abin da na gani ya taɓa ni, na yi kuka a cikin gidana. Kuma ka sa na zalunci ɗan mutane. A gaban jama'a ka kayar da mu, a nan kake so ka ba da haƙuri a ɓoye?"

"A'a, Abba. Duk inda ka ce."

"Juma'a, bayan masallaci. Yalla, tashi."

Ranar Juma'a, a ƙofar shago inda 'yan kasuwa ke taruwa, Mubashir ya miƙe ya ce shi ne mai Bayan Labule, Salmanu bai san komai ba. Aka yi masa ca, wanda ya kawo hankici ma ya fi kowa zaƙewa. Alhaji ya kama hannun Salmanu ya roƙe shi gafara a gaban kowa.

Salmanu ya ce, "Ba komai, Baba." Ya juya wurin Mubashir. "Na yafe maka. Dama na san ba ni take so ba, sunana kawai nake so a wanke."

Wannan ta fi zagi yi wa Mubashir ciwo, ya sunkuyar da kai hawaye na zuba.

Alhaji ya ja musu rai har bayan babbar salla, Umma na lallaɓa shi, kafin ya amince. A Kano aka ɗaura auren, aka yi walima a Al Qusais. Da za a tafi da amarya, Ummulkhair ta riƙe hannun mahaifinta tana kuka, shi ma idonsa ya cika, bai kuma ɓoye ba. Ya dafa kan Mubashir.

"Ga shi yau ma ka ga hawayena. Yanzu kai ɗan gida ne, abin da ka gani a gida ka rufa masa asiri. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya rufa muku asiri duniya da lahira."

Mubashir ya durƙusa a gabansa. Ummulkhair ce ta amsa da amin a madadinsu su biyun.