Hanyar Filin Wasa

A garin Winnipeg, inda dusar ƙanƙara ke zuba lokacin sanyi, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana da kare mai suna Rusty. Kullum bayan an tashi makaranta, ita ke fita yawo da shi.

"Kin ɗauki ledar kwashe kashinsa?" Mama kan tambaye ta daga bakin ƙofa.

"Na ɗauka, Mama. Har biyu ma."

Ba ƙarya take yi ba. Sai dai sanyin shekarar ya yi tsanani. Kafin ta buɗe leda sai ta cire safar hannu, yatsunta su yi ta zogi.

Wata rana Rusty ya tsuguna a gefen hanyar da ta ratsa filin wasa. Yarinyar ta waiga nan, ta waiga can. Babu kowa. Sai ta sa ƙafa ta turo dusar ƙanƙara ta rufe kashin.

Washegari ma haka ta yi. Tun abin yana damun ta, har ya daina.

Da watan Afrilu ya kama, ƙanƙara ta narke. Duk abin da ta rufe ya fito fili, ya cakuɗe da taɓo.

Ran Litinin ta tarar da abokinta Anton a bakin famfon makaranta. Anton a keken guragu yake yawo, da hannu yake juya tayoyin. Yana ta dirje tafinsa da sabulu, idonsa ya yi ja.

"Me ya same ka?"

"Kashin kare, a hanyar filin wasa," in ji shi. "Daga taya ya hau hannuna, har rigata. Ina shiga aji yara suka toshe hanci. Ke in kin taka, takalmi kawai za ki cire. Ni fa?"

Yarinyar ta juya ta shige aji.

Da yamma ta zauna tana juya cokali a cikin miya.

"'Yar nan, lafiya?" in ji Mama.

Ta faɗa mata komai. Sannan ta ce, "Amma ai ba mu kaɗai ke da kare a unguwar nan ba."

"Gaskiya ne," in ji Mama. "To, na Rusty fa, wa zai kwashe?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni."

Washegari ta sami Anton ta gaya masa gaskiya.

"Ke ce? Sai da babana ya wanke keken nan sau biyu!"

"Ka yi haƙuri. Ban taɓa tunanin tayoyinka ba."

"To, yanzu kin sani."

Ran Asabar ta fita da shebur da bokiti, Mama na riƙe da buhun shara. Wari ya cika mata hanci, amma ba ta tsaya ba. Maƙwabcinsu Mista Kowalchuk ya zo wucewa da karnukansa biyu. Ya tsaya, ya sosa ƙeya.

"Kai, ina jin rabin aikin nan nawa ne," in ji shi. Ya koma gida ya ɗauko nasa shebur ɗin.

Kafin rana ta raba, hanyar ta yi fes. Anton ya zo ya bi ta da gudu tun daga farko har ƙarshe. Ya ɗaga hannuwansa sama yana dariya.

"Na yafe miki! Amma ki gaya wa Rusty, shi ban yafe masa ba tukuna."

Daga ranar yarinyar ta gane cewa hanya ta kowa ce. Duk wanda ya riƙe igiyar kare, shi zai kwashe abin da karensa ya bari, ko ana kallonsa ko ba a kallonsa.