Ƙamshin Bado a Tsakiyar Hunturu

Gawayi ne ya ƙare. Abin da ya fitar da Zuna daga jirgin ruwansu ke nan ranar, bayan la'asar, sanyi na ratsa ƙashi.

A jirgi aka haife ta, a jirgi aka kai ta ɗakin miji. Nasu dogo ne, na katako, ɗaki biyu da madafa a ƙarshe. Babu lantarki, babu famfo, sai fitilar ƙwai da tulu. Shekara tana juya su yadda take juya duk mazauna ruwa a tafkin Dal. Idan ƙanƙara ta narke su matsa kusa da gonakin kan ruwa, ta riƙa kai ganye kasuwar asuba. Da bazara bado ya rufe tafki, a kwana tagogi a buɗe ana fama da sauro. Da kaka a tono saiwar bado, a shanya tumatir da kabewa a kan rufi. Hunturu kuwa kowa ya kwance igiyarsa ya koma gindin gada, inda ruwa ke gudu, ba ya saurin daskarewa.

Bana su ba su koma ba. Subhan mijinta ya zame daga kan rufi yana sauke kabewa, cinyarsa ta karye. Maƙwabta suka ce bari su ja musu jirgin, ya ce Allah ya kiyaye, shi da bai mutu ba wani zai tuƙa masa gidansa? Kwana kaɗan ne zai miƙe. Kwanakin suka yi ta tafiya bai miƙe ba, jirage suka watse ɗaya bayan ɗaya, aka bar su su kaɗai a cikin iwa, doguwar ciyawar ruwa.

"Uwar Shamima, ki bari sai da safe mana," in ji shi daga cikin bargo.

"Da safen in tarar da kai ka sandare kamar busasshen kifi? Me zan ce wa Shamima?"

"Ki ce mata bakinki ne ya kashe ni, ba sanyi ba."

Ta raba sauran garwashin biyu. Rabi ta bar masa, rabi ta zuba a kangri, ɗan kaskon da kowa ke rungumewa a cikin riga da hunturu. Ta zura babbar rigarta ta ulu, ta rufe masa ƙofa da tagogi ruf, ta sauka cikin ƙaramin kwale-kwale.

A gindin gada tsohuwa Rehti mai gawayi tana shirin tashi.

"A'a, matar sarkin taurin kai! Har yanzu kuna raye?"

"Da sauranmu, Yaya. Cika min buhun nan, kada ki sa min mai ƙasa-ƙasa irin na wancan karon."

"Ji bakinta. Zauna ki sha shayinmu na gishiri, ga shi da zafi, gishirinsa daidai."

"Rana ta tafi."

Rehti ta dubi sama, ta dubi ruwa. Dariyar ta bar fuskarta.

"Ta babban ruwa za ki bi ko?"

"Bakinsa ya fara kamawa. Da ƙyar na faso."

"Ko ya kama ki fasa. Kada ki bi tsohon lungu, Zuna. Ba a binsa da magariba."

Zuna ta ce to. Amma da ta iso bakin babban ruwa sai ta tarar ƙanƙarar ta yi kauri. Ta doka filafilin tuƙi, ya yi ƙara kamar ta doki faranti. Idan ta ce sai ta fasa ta wuce, duhu zai rufe ta a hanya, garwashin Subhan kuma ba zai kai ba. Ga tsohon lungu a hannun dama, siriri, baƙi ƙirin, ruwansa a kwance babu ƙanƙara ko kaɗan. Tun tana yarinya ta san yana ɓullewa daf da inda suke.

Ta yi bisimilla a ranta, ta karya kan kwale-kwalen.

Bishiyoyi sun haɗe kai a sama, rassansu tsirara. Hazo ya kwanta a kan ruwa. Tana jin kiran sallar magariba daga gari, can nesa, sai kuma ta daina ji, ba wai an gama ba, kamar an rufe ƙofa ne a tsakiyar kalma. Babu abin da ya rage sai ɗigar ruwa daga filafili. Ɗis. Ɗis.

Ta ci gaba da tuƙi.

Hancinta ne ya fara gaya mata. Ƙamshi. Mai laushi, mai zaƙi, wanda ta sani tun kafin ta san sunanta. Furen bado.

Ta tsaya da tuƙi. Bado a wannan wata? Ko busasshen karansa ya daɗe da ruɓewa.

Kwaɗo ya yi kuka a gefenta. Wani ya amsa masa. Nan da nan lungun ya cika da kukan kwaɗi, da zizar sauro a kunnenta. Yatsunta da suka ƙage tun daga gada suka saki. Iska mai ɗumi ta shafi wuyanta. Ta tsoma hannu a ruwa, ta ji shi kamar ruwan wankan jariri.

Hazon ya yaye. Ganye ne kore shar a kan bishiyoyin. Bado ya buɗe dama da hagu, manya-manya, jaja-jaja, yana gogar jikin kwale-kwalen.

Ya kamata ta ji tsoro, ta san da haka. Amma daɗi ta ji. Wata kasala ta sauko mata tun daga kafaɗa, irin ta mai gyangyaɗi bayan ya ƙoshi. Wata da watanni rabon da jikinta ya yi ɗumi haka.

Sai ga jirginsu a gabanta.

Shi ne. Ga tagar da ta toshe da tsumma, ga tulunta, ga kabewa a shanye a kan rufi. Tagogi duk a buɗe, fitila na ci a ciki. A bakin ƙofa kuma mutum ne tsaye, a kan ƙafafunsa biyu, da 'yar shara a jikinsa.

"Kin daɗe," ya ce, a hankali.

Muryar Subhan ce.

"Baban Shamima... ka miƙe?"

"Na miƙe. Jefo igiya."

Ta jefa. Ya cafe. Kwale-kwalen ya fara matsawa wajensa, sumul, babu ko girgiza.

"Wa ya kawo jirgin nan?"

"Ni. Ba na ce miki ni zan tuƙa ba?" Ya yi 'yar dariya. "Dubi yadda kike gumi. Cire rigar nan. Hunturu ya wuce."

Gumin kuwa take yi. Rigar ta yi mata nauyi, tana cizon wuyanta. Ta zare hannu ɗaya daga ciki.

"Wutar nan ma zubar da ita a ruwa. Me za ki yi da wuta?"

Ta dubi kangrin da ke cinyarta. Garwashin ya yi ja a ƙarƙashin toka.

"Zubar," ya sake cewa. "Ba a shigo min da ita."

Ta dakata. Ba a shigo min da ita? Subhan da ko da bazara sai ya nemi garwashin da zai kunna tabarsa?

Ta ɗaga kai ta dube shi sosai. Fitila na bayansa, fuskar ba ta fita. Amma ta ga nata numfashin yana fita daga bakinta fari fat, kamar hayaƙi. Cikin wannan zafin, numfashinta na tururi.

Nasa ba ya yi.

"Taho," ya ce. "Miƙo ƙafa."

Ba ta so ba. Ƙafar ce ta ɗaga da kanta. Ta miƙe tsaye, kwale-kwalen ya karkata, ta kai ƙafar dama kan dakalin jirgin.

Kangrin ya kife.

Garwashi ya zubo mata a kan ɗaya ƙafar, ya shige cikin safa. Ta ƙwalla ƙara, "Innalillahi!"

Ƙafar daman ba ta sami katako ba. Ta faɗa ruwa har gwiwa.

Sanyi. Sanyi kamar an sare ƙafar da gatari.

Ta faɗa baya cikin kwale-kwalen. Babu bado. Babu kwaɗi. Babu fitila. Duhu ne da hazo, da warin ruɓaɓɓen laka. Gashin girarta ya daskare. Hannun da ta zare daga riga ba ta jinsa sam.

Inda jirgin yake, gawar wani tsohon jirgi ce, ta nutse rabi, haƙarƙarinta a waje.

A kan haƙarƙarin akwai abu a tsugune.

Dogo ne. Gwiwoyinsa sun wuce kansa. Jikinsa na ɗigar ruwa.

Igiyarta na hannunsa.

Yana ja.

"Uwar Shamima," ya ce, da muryar Subhan. "Saura kaɗan."

Ta lalubi ƙasan kwale-kwalen. Buhu. Filafili. Laujen yankan ciyawar ruwa. Yatsunta sun ƙi kamawa. Ta haɗa hannu biyu ta damƙe shi. Bakinta na son karanta Ayatul Kursiyyu, haƙoranta na karo, farkon kawai take maimaitawa.

Ta sari igiyar. Ba ta tsinke ba.

Warin ya matso. Ta ji numfashi a goshinta, mai sanyi.

Ta sake sara.

Ta tsinke.

Kwale-kwalen ya yi baya da ƙarfi. Ta ɗauki filafili ta shiga tuƙi, ba ta san gabas ba, ba ta san yamma ba. Rassa na yagar fuskarta. A bayanta ana kiranta, ba da ihu ba, a hankali, kamar daga kafaɗarta. Da muryar Subhan. Da muryar Shamima. Da muryar mahaifiyarta da ta daɗe a ƙasa.

"Zuna, akwai ɗumi a nan."

Ba ta waiwaya ba.

Sai da kan kwale-kwalen ya fasa siririyar ƙanƙara, ta ji ƙarar nan ƙaras-ƙaras, sannan muryoyin suka ɗauke. Ta fito daga lungun. Ga iwa, ga jirginsu a inda ta bar shi.

Amma babu haske a ciki. Tagogin da ta rufe da hannunta duk a buɗe suke. Ƙofa ma a buɗe.

A bakin ƙofar mutum ne kwance rub da ciki, babu riga, rabin jikinsa a waje, hannunsa ɗaya na lilo a kan ruwa.

Ta tsaya nesa kaɗan, filafili a ɗage.

"Wane ne?" ta ce da raɗa.

Kan ya ɗago da ƙyar.

"Ke ce?" Muryar na rawa. "Ke ce, ko kuwa ita ce ta dawo?"

Ta zaro ashana daga ƙugunta. Ta farko ta karye, ta biyu ta faɗa ruwa, ta uku ta kama. Ta matsa, ta kai hasken daf da bakinsa.

Tururi na fita. Kaɗan-kaɗan, amma yana fita.

Shi ma bakinta yake kallo.

Ta hau jirgin, sai da ta fara buga dakalin da filafili. Ta ja shi ciki yana nishi, ta rufe ƙofa, ta rufe tagogi, ta lulluɓe shi da duk abin da ke ɗakin. Kaskonsa jiƙe yake sharkaf. Ta hura sabuwar wuta. Sai da gawayin ya yi ja sannan ya iya haɗa magana.

"Kin zo bakin taga," ya ce. "Kina dariya, da furen bado a hannunki. Kika ce in buɗe ko'ina, bazara ta yi. Kika ce in kashe wuta. Na kashe. Kika ce in sauko ruwa ya yi ɗumi, zai warkar min da ƙafa." Ya haɗiye yawu. "Ƙafar ce ta hana ni, uwar Shamima. Ɗorin ne ya maƙale a bakin ƙofa. Ina ta ja, ina zaginsa."

Suka zauna da wutar a tsakaninsu, kowa na kallon numfashin ɗan'uwansa, har gari ya waye.

Da hantsi Zuna ta fasa ƙanƙarar babban ruwa ta je gada. Kafin azahar maza sun zo da gorori sun ja jirgin, Subhan na kwance a ciki, wannan karon bai hana ba. Rehti ta kalli ƙafar Zuna, ta kalli guntuwar igiyar, sai ta aika a kira malami. Yatsu biyu na ƙafar daman ba su tashi ba, a asibiti aka cire su. Ƙunar ɗaya ƙafar kuwa ta warke ta bar tabo.

Hunturu ya wuce, ƙanƙara ta narke, jirage suka fara komawa tafki. Subhan ya miƙe da sanda. Su ma suka koma, amma a tsakiyar mutane suka ɗaure, jirgi a dama, jirgi a hagu.

Ranar da bado ya fara buɗewa, ƙamshin ya shigo ta tsagar katako tun da asuba. Zuna ta farka, ta zauna, ta jawo rigar ulu ta saka. Rana ta ɗaga, yara na iyo suna ihu, ita tana zaune a ɗaki a rufe, gumi na tsiyaya daga haɓarta.

"Uwar Shamima, buɗe tagar nan mana," in ji Subhan. "Za mu dahu."

Ta juyo ta dube shi. Shi ma ya ji abin da ya fito daga bakinsa.

Can ya miƙa hannu ya jawo bargo ya rufe ƙafafunsa.

"Bar ta," ya ce. "Bari maƙwabta su fara buɗe tasu."