Maraƙin da Aka Sa wa Riga

Kai ne, ƙanena, ba kowa ba. Kai ka tsaya a bakin shingen shanu ka kira ɗan mutane ɓarawo, kuma har yau ba ka janye ba. Zauna ka ji, tunda ba a gabanka aka fara ba.

Lokacin haihuwar shanu ne, sabuwar ciyawa ta leƙo, gonar da muke aiki duk kukan maruƙa. 'Yarka, wadda ka ajiye mini tana cikin tsumma ranar da uwarta ta rasu ka kama gabanka, ita ke ba marayun maruƙa madara a kwalba. Wata safiya haihuwa ta gagari wata karsana. Sai ga sabon ma'aikaci, wani siriri da ake kira Dogo, ya naɗe hannun riga.

"Malama, riƙe mini wutsiyar nan."

"Aikin riƙe wutsiya aka ɗauke ni?"

"Yau dai an yi miki ƙarin girma."

Ta harare shi, amma ta riƙe. Ya zaro maraƙin da rai, uwar ce ba ta tashi ba. Suka durƙusa suna goge maraya da buhu, goshi na neman taɓa goshi. Ina tsaye da bokiti, na ce a raina, to, an zo wurin.

Daga nan waya ta hana mu sakat. Ni ba karatu gare ni ba, amma nakan ce ta karanta mini saƙonnin da suke tura wa juna ita da Dogo, kuma ba ta iya yi mini ƙarya.

"Tauraruwata mai wutsiya, marayanmu ya sha?"

"Ya ƙi kwalba, sai ramewa yake. Kuma mai wutsiya ai an ce ganinta ba alheri ba ne."

"Wanda ya faɗa bai gan ki ba."

Na ce, "Wannan yaro, bakinsa ya fi jikinsa ƙiba." Ta rufe fuska da gyale.

Direban tarakta, mai kawo ciyawa, shi ma ya daɗe yana yi mata hon ba ta waiwaya ba. Shi ya nemo lambarka ya tsegunta maka. Kai da ko zazzaɓinta ba ka taɓa sani ba, sai ga ka da sabon takalmi, wai ka zo binciken surukinka.

Ranar ce wata jar saniya da muke kira Ja ta haifi ɗa ba rai, tana ta kuka, nono ya cika mata hantsa. Dogo ya kai mata maraya, ta shinshina ta kai masa shuri. Sai ya koma bayan rumfa ya feɗe mataccen, don ya ɗaura wa maraya fatar, uwa ta ji ƙamshin ɗanta ta karɓe shi. A nan direban ya jawo ka bakin shinge, ka ga wuƙa da jini. Ba ka tambayi kowa ba.

"Ɓarawo! Yanka maruƙan mutane kake a ɓoye! 'Yata ba ta auren ɓarawo!"

'Yarka ta ce, "Baba, ka tsaya ka gani." Ka kaɗe takalminka ka tafi.

Yaron ya ajiye wuƙar ya bar wurin. Da yamma saƙonsa ya shigo: "Ba zan raba ki da mahaifinki ba. Gobe zan bar gonar."

Ba ta yi kuka ba, ni na raine ta. Ta rubuta: "Ka ƙarasa ɗinkin rigar da ka fara tukuna. Ina jiranka a wurin Ja."

Ya zo. Ta riƙe kan saniyar tana rarrashinta, shi ya tura maraya da rigar aro a bayansa. Ja ta yi huci, ta shinshina, ta sake shinshinawa. Sai ta miƙa harshe ta lashe shi. Maraya ya kama nono yana kaɗa jela.

"Ka gani? Ita ma ta karɓi wanda ba nata ba," in ji 'yarka, tana kallona. Ni kuwa ƙura ce ta shigar mini ido.

"To ni fa, Tauraruwa?" in ji Dogo.

"Kai ba sai an sa maka riga ba."

Ta ɗauki hoto ta tura maka. Da ƙyar ka bugo waya ka ce mini, "Yaya, ku yi abin da kuka ga ya dace." Muka yi. An ɗaura aure a gaban ma'aikata duka, har direban ya ci ya ƙoshi. Allah ya ba su zaman lafiya, ya cika musu ɗaki da 'ya'ya kamar yadda garken nan ya cika.

Amma ni ban gama da kai ba. A bainar jama'a ka shafa masa sunan nan, ba a waya za ka wanke shi ba. Ka sa takalminka ka zo bakin shingen, inda ka tsaya. Ja tana nan, ɗanta har ya yi ƙiba. Ka dubi surukinka a gabansu, ka faɗa mana abin da ya sata.