Sa'ida da Wanda Aka Zane a Ƙofar Fili

A wajen filin wasa Sa'ida ta fara ganin Hashim, ranar wasan ƙarshe na kofi. Nazeer, ɗan kawunta da ke neman aurenta, shi ya kawo ta daga Dala da tikiti biyu. Suna isa ƙofa ya hango ogansa, ya miƙa masa tikitinta, ya ce ta jira minti biyar. Bai dawo ba.

Hashim tela ne a Koki, ba shi da tikiti. Yana cikin waɗanda suka shimfiɗa tabarmi a waje, ana gasa tsire ana sauraron wasan a rediyo. Ya ga tana share hawaye, ya matsa mata, ya tura mata nasa tsiren. Kafin hutun rabin lokaci ta yi dariya sau uku, ta kuma gaya masa ba ta taɓa ganin cikin fili ba.

Abin da ya kai shi ƙofar baya ke nan, yana roƙon mai gadi ya bar ta ta leƙa. Mai gadin ya kwaɗa masa mari, wani ya sa masa dorina, 'yan kallo na sama suna tafi. Kafin magariba bidiyon ya zaga gari. Masu kawo ɗinki suka riƙa tsayawa a ƙofar shagonsa suna kunna shi.

Duk da haka soyayya ta ƙullu. Da ya turo magabatansa, Malam Garba, mahaifinta, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda aka zane kamar ɓarawo ba. Nazeer yana zaure yana dariya.

Hashim ya rubuto mata: "Sanyin idona, ki haƙura da ni. Ba na so a riƙa nuna ki da baki."

Ta mayar masa: "Nawan, saboda ni aka doke ka. Ni za a nuna, ba kai ba."

Gwaggonta ce ta karɓi wayar, ta kai wa Malam, ta kunna masa bidiyon, ta ce kada ya kalla, ya saurara kawai. A bayan ihun, muryar mai ɗaukar bidiyon ta fito ƙarara: "Ku ƙara masa!" Muryar Nazeer ce. Malam ya ce a kira mutanen Koki.

An ɗaura aure bayan Sallah. Da aka kai amarya, Gwaggo ta tsaya ta hagun Hashim tana sa musu albarka, bai amsa ba. Nan Sa'ida ta gane abin da ya ɓoye mata wata takwas: kunnen da aka mara ya mutu.

Ta zagaya ta damarsa, ta maimaita masa addu'ar kalma bayan kalma.

"Amin," in ji shi.