Saƙar Gizo a Kwarin Corrigan

Kafin ƙarfe goma sha biyu na ranar Asabar, Sufeto Noelene Vassallo ta sa an saki wani tsoho daga bayan kanta, ta kuma sa an sa wa wani mutum ankwa a gaban abokansa. Duk a kan gawa ɗaya ce, wadda aka tsinta da safiyar ranar a Kwarin Corrigan, a wata unguwa da ke arewacin Sydney.

Mamacin shi ne Alwyn Tregear, mai shekara sittin da ɗaya, shugaban ƙungiyar masu gudun safe ta unguwar. An same shi a gindin wata matakalar dutse mai hawa ɗari biyu da sha huɗu, wuyansa a karye.

Hanyar gudun kewaye ce ta kilomita huɗu. Daga ƙofar shiga, wanda ya yi hagu zai gangara ƙarƙashin inuwar itatuwan turare, ya bi bakin rafi, ya haye tudu uku, sannan ya iso gindin matakalar. Wanda ya yi dama kuwa, taku ɗari ne zai kai shi samanta. 'Yan ƙungiya hagu suke yi kullum.

Sufeto ta iso bakwai da kwata. Saje Hemi Tautari ya tare ta a saman matakala, ya nuna wani gida da ke bakin kwarin.

"An riga an tafi da mai gidan can, Ambrose Falzon. Watan jiya ya ce a gaban mutane, wata rana sai ɗaya daga cikin masu gudun ya karya wuya a nan. Oga ya ce a rubuta masa caji kafin sha biyu."

"Oga ya zo ya ga wurin?"

"Daga kujerarsa yake gani, ranki ya daɗe."

Jingine da makarin ƙarfe akwai wata doguwar sanda mai jan fenti a kai. Sufeto ta shafa ta daga sama har ƙasa. Tas take.

Wanda ya kira motar asibiti yana zaune a kan dutse, an yafa masa bargo. Dermot Quill ne, sakataren ƙungiya, dogo ƙwarai.

"Sandar mece ce wannan?"

"Ta share yanar gizo ce. Kin san gizo-gizo a watan Maris, kowane dare sai sun saƙa a tsakiyar hanya. Alwyn kan riga mu da rabin awa, ya bi hagu yana sharewa."

"Kai yaushe ka zo?"

"Shida daidai. Na yi hagu, na ɗauka yana gabana. Da na iso gindin matakala na gan shi kwance. Shida da minti ashirin da biyu na buga waya."

"Agogon gudunka mai bin diddigin hanya fa, ya ɗauki hanyar da ka bi?"

Dermot ya ja bargon ya rufe hannunsa. "Yau na manta ban danna ba."

Da suka matsa gefe, Saje ya rage murya. "Matata ma tana gudu. Za ta manta da ni a mota kafin ta manta agogo."

A caji ofis, Ambrose Falzon ya kasa zama wuri ɗaya. Shekararsa saba'in da huɗu.

"Barci nake yi, na gaya musu."

"Baba, akwai ɗanyar ciyawa a takalminka."

Ya kalli takalmin. Can ya ce, "'Yata, matata ba ta gane kowa sai ni. In ta farka ta ga baƙuwar fuska, ihu za ta yi ta yi. Maganinta na sha biyu a hannuna kawai take karɓa."

"To ka taimake ni ka koma gida. Ina kake ƙarfe shida?"

"Bayan katanga. Ciyawar da na yanka nake zubawa a kwari. Na san an hana, shi ya sa na yi ƙarya." Ya goge goshi. "Na ji murya biyu a saman matakala, duk maza. Ɗaya ta Alwyn ce. Yana cewa, 'Yau zan faɗa, a gaban kowa.' Sai na shige gida."

"Ɗayar fa?"

"Ban gane ta ba. Ƙasa-ƙasa yake magana."

Wayar Sufeto ta yi ƙara. Shugabanta ne. Ya ce maganar wanda ya riga ya yi ƙarya sau ɗaya ba hujja ba ce, saura mata awa ɗaya da rabi.

Ta koma unguwar. 'Yan ƙungiya sun taru a shagon kofin da suke zama bayan gudu, ba mai shan komai. A bango akwai allo mai sunayen waɗanda suka fi sauri a kewayen. Sunan Dermot Quill ne a sama, minti goma sha tara, shekara shida ba wanda ya ture shi.

Wata gajeriyar mata, Merrin Oakeshott, tana zaune a bakin ƙofa tana tsintar wani abu daga gashinta.

"Me ya same ki?"

"Yanar gizo ce, ranki ya daɗe. Shida da minti ashirin da biyar na shiga ta hagu. Daga ƙofa har gindin matakala fuskata ce sandar. Ina tafe ina zagin Alwyn a raina, wai ya makara." Ta ciro wani sili daga gashinta. "Ashe yana can kwance."

"Duk hanyar? Ba inda aka share?"

"Ko ɗaya. Wasu har ƙirjina. Ni na buɗe hanyar nan yau."

Sufeto ta dubi agogon bango. Sha ɗaya da kwata. Ta ratsa tebura ta tsaya a kan Dermot.

"Malam Quill, miƙe tsaye."

Ya miƙe. Kan Merrin bai kai kafaɗarsa ba.

"Ka ce ka bi hagu ƙarfe shida. Bayan minti ashirin da biyar wannan baiwar Allah ta bi, ta tarar da kowace saƙa a inda take. Ta ƙarƙashi ka bi, ko tashi sama ka yi?"

"Suna saƙa sabuwa da sauri."

Wani dattijo daga teburin baya ya ce, "Haba Dermot. A minti ashirin? Mu za ka gaya wa?"

"Ba ni agogon."

Ya daɗe yana kallon hannunta kafin ya kwance shi. Saje ya danna, ya karanta a fili. An kunna shi shida saura minti biyu a ƙofa. Ya yi dama. Shida da minti ɗaya, a saman matakala, an tsayar da shi, yadda mai gudu ke yi duk lokacin da ya tsaya magana don kada lokacinsa ya ɓaci.

Dermot ya koma ya zauna.

"Me Alwyn zai faɗa a gaban kowa?"

Ya ɗaga kai ya kalli allon. "Akwai yanke a bayan tudu na biyu. Ta nan na bi ranar da na yi sha tara. Wani ya kawo masa tsohon hoto. Na tare shi a ƙofa, muka yi dama don mu yi magana. Na roƙe shi ya goge sunan shiru, ya ƙi. Ya jingine sanda, ya juya mini baya zai ɗaure igiyar takalmi." Ya sauke idonsa daga allon. "Turawa ɗaya na yi."

Saje ya sa masa ankwa. Aka fita da shi.

Sha biyu saura minti goma motar 'yan sanda ta sauke Ambrose Falzon a ƙofar gidansa. Bai tsaya sallama ba.

Da yamma aka duba agogon mamacin. Ya nuna faɗuwar shida da minti biyar, ya kuma ci gaba da ƙirga bugun zuciyarsa har shida da minti goma sha tara, minti uku kafin Dermot ya kira motar asibiti. Sufeto ta tambayi Dermot Quill sau uku inda ya tsaya a wannan tsakanin, da abin da yake yi. Har aka rufe ofis bai amsa ba.