Sautin da Gilbert Ya Roƙa

Ran wata Alhamis, cikin daminar 1999, na je Madakiya sayen citta. Na makara. Kafin in ɗaure bakin buhu rana ta faɗi, babu acaɓa ko ɗaya, sai na tsaya bakin titi ina jira.

Sunana Faustina, ina da shagon buga takardu a Kafanchan. Da yatsa biyu na koya wa kaina tafireta, na tsufa kuma na koyi kwamfuta. Ɗana Gilbert malamin lissafi ne, da matarsa da 'ya'yansa biyu, amma in ya zauna gaban na'ura sai ka ce ba a yaye shi ba. Shi ya zuba wa tsohuwar kwamfutar shago wani tsari wai shi Linux, wanda ya samo a faifai daga Kaduna. Ya ce kyauta ne, kowa na iya buɗe cikinsa ya gyara, ya miƙa wa na gaba.

Rubutu dai yana tafiya lafiya. Wasa ne matsalar. Akwai wani na harbi, mutum yana bin lungu-lungu da bindiga. Hoto yana gudu sumul, har ya fi yadda yake a sabuwar kwamfutar shagon, amma sifika ta ƙi cewa uffan. Wata biyu yana fama. Masu irin wannan tsarin, in abu ya gagare su, roƙon juna suke yi, gyara ya zo a disket, ƙaramin faifan kwamfuta, daga hannu zuwa hannu. Sai ya manna takarda a ƙofar shagona: "Duk wanda ya san gyaran sauti, ko wane ne, ya taimaka."

Na ce masa, "Cire wannan. A gidanmu ko akuya za a kira da yamma, da sunanta ake kira. Ba a cewa ko wane ne."

Ya ce, "Mama, haka ake yi a duniya yanzu."

To, ina tsaye a bakin titin nan, kwaɗi suna ta kuka a fadama. Sai suka yi shiru gaba ɗaya, kamar an rufe su da murfi. Wani mutum ya fito daga cikin masara, dogo, da farar shat mai guga. Yana taka tsakuwa amma ban ji takunsa ba. Warin wayar lantarki da ta ƙone yake yi.

"Mama, sannu da hanya," in ji shi, ƙasa-ƙasa. "Ki ba Gilbert. Ya roƙa."

Ya miƙo disket baƙi, babu rubutu a kai.

"Kai ɗan wa?"

"Ya ce ko wane ne."

Na karɓa. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa. Na ga guga a rigarsa na ce ma'aikaci ne. Acaɓa ya iso, na juya in nuna masa buhu, da na waiwayo babu kowa sai masara.

Na tarar da Gilbert a shago, ana yayyafi. Kwanon rufi yana yoyo cikin bokiti, ɗis, ɗis. Agogon bango yana tafiya. Ya karɓi disket ɗin da rawar jiki, ya kwafe abin da ke ciki, ya cire, ya buɗe wasan.

Sifika ta yi tari.

"Mama! Ya kama!"

Mutumin cikin wasa ya fara tafiya. Takunsa tik, tik, tik. Na ce a raina wannan ba takun mutum ba ne. Na ɗaga kai na dubi agogo. Hannunsa yana tafiya, amma ba ya ƙara.

Gilbert ya harba bindiga. Maimakon ƙara sai na ji ɗis.

Na leƙa bokiti. Ruwa yana faɗowa, yana yin da'ira, babu sauti.

"Gilbert," na ce a hankali. "Kashe."

"Sautin ya ɗan cakuɗe ne, zan gyara."

Wani dodo ya fito daga lungu ya buɗe baki, kukan kwaɗi ya cika shagon. Gilbert ya tuntsire da dariya. Dariyar ta katse a tsakiya, bakinsa a buɗe, kafaɗunsa suna rawa, sauran ta fito daga sifika.

Ya juyo ya dube ni. Leɓɓansa suka ce Mama. Daga sifikar kan tebur na ji kiran.

Warin ƙonanniyar waya ya taso.

Na fizge filogi daga bango. Hoton bai mutu ba. A ƙarshen lungun, can nesa, farar shat tana tahowa.

Sai sifika ta fara numfashi. Na san numfashin, ni na haife shi. Gilbert ya dafe ƙirji. Yana jan iska, iskar ba ta shiga.

Bayan numfashin, wani abu ya biyo. Dum. Dum. Dum.

Ya zame daga kujera.

Na kira sunan Yesu, sunan ya fito ta sifika da muryata.

Farar shat ta cika gilashin kwamfutar.

Ban yi zurfi a makaranta ba, amma na san duk abin da ke shiga sifika ta waya yake bi. Na laluba aljihun tebur, na ɗauko almakashin yankan takarda. Wayar tana motsi a hannuna, da ɗumi, kamar jijiya.

Na datse.

Komai ya dawo lokaci ɗaya. Agogo, ruwa a kwano, kwaɗi, wata mota a titi. Gilbert ya ja numfashi da ƙara kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Gilashin ya yi baƙi. Na ja shi da wuyan riga har bakin titi, ban ko rufe shago ba.

Da safe na yaga takardar ƙofa, na jefa disket ɗin a shadda da hannuna. Gilbert ya goge kwamfutar tas, ya sake zuba Linux ɗinsa daga faifan asali. Har yau yana wasan, ya ce yana gudu lafiya. Bai sake sayen sifika ba.

Muryarsa ce ba ta dawo ba sai rana ta uku, yana koyarwa, yana waƙa a coci. Ran Kirsimeti muna cin abinci, surukata ta faɗi abin ban dariya, kowa ya fashe. Jikata Clara ta ja zanena, tana kallon ubanta, bakinsa a buɗe babu sauti.

"Kaka, me ya sa Baba yake dariya kamar kifi?"