Yatsu Huɗu a Kafaɗar Bara'atu

Ruwan sama ne ya kora Mahdi cikin shagon, ko da yake daga baya ya riƙa gaya wa mutane wai tun yana ƙarami yake sha'awar kwamfuta. Ya sauke fasinja a bakin kasuwar Rano, ruwa ya kece, ya jingine babur ɗinsa na acaɓa ya faɗa ƙofar da ta fi kusa.

Shagon hotuna ne na wani Abdulganiyyu, mutumin Kibiya. Mai shagon ba ya nan. Ƙanwarsa ce zaune gaban kwamfuta, tana ɗauke wata amarya daga gaban tsagaggen bango tana ɗora ta a kan shafi mai furanni.

"Malam, ɗan matsa, kana ɗiga mana a kan takarda."

"Yi haƙuri. Me kike yi wa baiwar Allah nan?"

"Kundin tunawa ne. Hotunan biki ake haɗawa shafi-shafi, a ƙawata, a tura wa mutum a waya."

"Ana koyarwa?"

Ta kalli hannuwansa masu kanta da baƙin mai.

"Koyarwa kam ana yi. Koyon ne ban sani ba."

Sunanta Bara'atu. Ruwan ya ɗauke tun da daɗewa, Mahdi bai lura ba sai da aka kira la'asar.

Daga ranar, kullum bayan azahar sai ya baro garinsu Rurum ya zo ɗaukar darasi. Yana damƙar maus ɗin kwamfutar kamar hannun babur, sai ka ce zai ba shi wuta. A makon farko ya guntule kunnuwan anguna biyu da hancin wani dattijo da kilina, abin goge hoto a kwamfuta.

"Ka sake ɗaukar kilina!"

"Ita ta fi sauri, Malama."

"Kilina ba ta mayar da abin da ta ci. Duba nan. Wannan ni mayafi nake ce masa, yafa shi ake yi a kan hoton. In ka shafa baƙin buroshi, wurin ya ɓuya. In ka shafa fari, ya dawo. Babu abin da ya tafi, yana nan a ƙarƙashi. Bakin hula buroshi mai kauri yake so, bakin gyale mai laushi. Ka gane?"

"Na gane."

Bai gane ba. Muryar yake saurare, ba maganar ba.

Da yamma saƙonni suke ɗorawa daga inda darasi ya tsaya.

"Malamata, yau na ɗauko wata tsohuwa daga Dawaki, duk hanya ina tunanin yadda zan cire ta daga gaban gonar dawa ban taɓa ɗankwalinta ba. Kin lalata ni."

"Sarkin Kilina, ka riƙa kallon hanya. Tsohuwar mutane ba ta da mayafin da za a dawo da ita."

"In na iya aikin, me za ki ba ni?"

"Adireshin Baba."

Wata Talata ta tashi da wuri, ta bar shi yana gwaji. Yana leƙe-leƙe cikin hotunanta ya ci karo da wani: Bara'atu ranar walimar saukarta, cikin farin gyale, tana dariya, wata mata a gefenta ta rungumo kafaɗarta. Ya ɗauka wata gwaggo ce ko maƙwabciya. Sai wata dabara ta zo masa, irin wadda take zuwa wa namiji in babu mai hankali a kusa.

Ya cire matar. Ya ɗauko hotonsa na Sallah ya tsaya a gurbinta, ya zagaye su da furanni. Abu ɗaya ya gagare shi: kan yatsu huɗu na matar, da suka leƙo ta saman kafaɗar Bara'atu suka nutse cikin gyalen. Ya yi ya yi, ya haƙura. Da ya ja baya ya duba, sai ya ga ai sun faɗo daidai inda nasa hannun zai kasance. Har daɗi ya ji.

Ya adana aikin a filashinsa, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, ya tura hoton a wayarsa. Washegari a tashar 'yan acaɓa ya nuna wa Sagiru, abokin sana'arsa, wanda ya taɓa neman Bara'atu ta sallame shi sau biyu.

"Turo min in gani da kyau," in ji Sagiru.

Ya tura. Duk namijin da ya ce bai taɓa wauta irin wannan ba, waya ce ba a yi ba a zamaninsa. Wasunmu da biro muka yi tamu, kuma har yau ana tuna mana.

Kafin Juma'a hoton ya shiga kowace waya a Kibiya. Ba wanda ya kalli furannin. Kowa sai ya sa yatsa biyu ya buɗe wurin kafaɗar.

Abdulganiyyu ne ya fara gani, yana shago. Cikin fushi ya goge duk abin da ke da sunan ƙanwarsa a kwamfutar, ya wanke ta tas. Mahaifinsu kuwa, Malam Ishiyaku, a ƙofar masallaci aka nuna masa, gaban abokan sahunsa na shekara talatin. Ya sa takalminsa ya taho gida.

"Baba, wallahi haɗawa aka yi. Ban taɓa tsayawa da shi gaban mai hoto ba."

Malam Ishiyaku ya miƙa wa ɗansa wayar. "Kai ne ka san aikin. Faɗa min."

Abdulganiyyu ya daɗe yana dubawa. "Ana haɗa hoto, Baba. Amma yatsun nan na gaske ne. Dubi yadda gyalen ya lotsa. Mai guntule kunnuwan mutane ba zai iya wannan ba."

"Na gaske ne mana!" Bara'atu ta fashe da kuka. "Hannun Inna ne. Hoton ranar saukata ne, yana nan cikin kwamfutar shago, a je a duba."

Abdulganiyyu ya sunkuyar da kai. Babu sauran abin dubawa.

Innarsu Barira ta rasu shekara biyu da suka wuce, wata guda bayan walimar. Ba ta son hoto, sau ɗaya tak aka taɓa shawo kanta, kuma wayar da aka ɗauki hoton da ita ta daɗe da mutuwa. Bara'atu ta ɓoye hoton ba ta nuna wa kowa ba, tana jiran ranar da hannunta zai iya yi masa shafin da ya dace.

"Abin ya kai har ki jawo mamaciya cikin ƙaryarki?" in ji Malam Ishiyaku a hankali. "Ba ni wayarki. Shago kuma kin gama."

Bayan kwana uku saƙo ya shigo wa Mahdi daga baƙuwar lamba.

"Wayar Gwaggo Jumai ce, kada ka kira. Matar da ka cire mahaifiyata ce. Shi kaɗai ne hotonta a duniya, kuma Yaya ya goge shi. Abin da ake faɗa a kaina zan iya ɗauka. Tambaya ɗaya zan yi maka: da mayafi ka yi, ko da kilina?"

Ya zauna a kan babur a gefen hanya, ya karanta ya fi sau goma. Ya tuna da kilina ya fara. Ya tuna can tsakiyar aikin muryarta ta faɗo masa ya canza. Amma daga ina ya fara, daga kai ko daga ƙafa? Ya matse ƙwaƙwalwarsa, ba abin da ya fito sai furanni.

Ya rubuta doguwar amsa ya goge. Ya sake rubutawa ya goge. Daga ƙarshe ya tura: "Ban sani ba."

Ba ta sake turo komai ba.

Damina ta yi nisa. Kawun Mahdi ya je Kibiya ba da haƙuri, aka amsa sallamarsa daga ciki, ba a fito da tabarma ba. Sagiru ya tura nasa mutanen, wai shi zai rufa mata asiri. Bara'atu ta ce ba ta son kowa, uban ya ce shi ma ba ya son jin sunan kowa. Ta daina zuwa suna da biki, don ta lura mata ba fuskarta suke kallo ba in suna gaisawa, kafaɗarta suke kallo. Tsakaninta da mahaifinta sai gaisuwar safe da ajiye kwano.

A tasha an raɗa wa Mahdi suna Mai Yatsu. Mata suka daina hawa babur ɗinsa. Wani tsoho da ya ɗauko zuwa Rurum Tsohon Gari ya ba shi labarin hoton tun daga farko har ƙarshe, ya rufe da tsine wa yaron, sannan ya tambaye shi ko ya san shi.

"Na san shi, Baba. Ba shi da hankali."

Filashin na aljihun gabansa. Akwai shagunan kwamfuta a Rano, kullum yana wuce su. Muddin bai buɗe ba, matar tana iya kasancewa a ciki. In ya buɗe ya tarar babu, to shi ne ya binne ta karo na biyu. Ya rame har wandonsa ya nemi sabon huji a bel. Kwana arba'in ya yi haka, yana kiran abin haƙuri, alhali tsoro ne.

Wata safiya Abdulganiyyu ya tare shi a hanyar Kibiya, da jakar laftof a kafaɗa. Shi ma ya rame.

"Gwaggo ta ji daga Bara'atu cewa kana da filashin da kake ajiye aikinka."

"Ina da shi. Amma ban san abin da ke ciki ba."

"Ni ma uwata ce. Ta da babur."

Sun sami Malam Ishiyaku a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Mahdi ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa.

"Kai ne?"

"Ni ne, Baba."

Dattijon ya auna shi da ido. "A hoton ka fi haka tsawo."

"Na ɗan ƙara, Baba."

"To. Yi abin da ya kawo ka, ka tafi."

Aka buɗe aikin. Ga su nan cikin furanni, shi da ita. Mahdi ya latsa wuri ɗaya, hotonsa ya ɓace ɗungum. Yatsun ba su bi shi ba. Suna nan a kafaɗarta, su kaɗai, babu mai su.

Malam Ishiyaku ya ajiye fartanyar.

Mahdi ya zaɓi farin buroshi ya ɗora kusa da yatsun. Ya ja da ƙarfi, buroshin ya yi tsalle can gefe.

"Rage girmansa," wata murya ta ce daga bayan ƙofar cikin gida. "Ka sa mai laushi. Kuma ba babur ba ne."

Ya rage. Ya shafa. Bayan hannu ya fito. Ya sake shafawa, ga awarwaro guda biyu, ga hannun riga mai ruwan ƙasa. Ya bi shi sama a hankali, kafaɗa, wuya. A nan ya tsaya, ya kasa.

"Ci gaba," in ji Malam Ishiyaku.

Haɓa ta fito. Sai baki, a ɗan tsuke, irin na mai jin kunyar mai hoto. Sai idanu.

"Barira," in ji dattijon, kamar mai kiran ta kawo ruwa.

Bara'atu ta fito ta durƙusa kusa da yayanta, hawaye na zuba ba ta share ba. Mahdi ya gangaro da buroshin ƙasa. Daga ƙirji zuwa ƙugu zane ya fito. Daga nan sai fili. Ya shafa, ya shafa, babu komai.

"Ina sauran?"

"Na goge, Baba. Da kilina na fara, daga ƙafa. Ba zai dawo ba."

Malam Ishiyaku ya daɗe yana kallon fuskar. Sannan ya juya ga 'yarsa.

"Na ce kin jawo mamaciya cikin ƙarya. Ki yafe min, uwata."

"Baba, don Allah daina."

"Kai kuma tashi ka ba ni wuri. Abdulganiyyu, wannan ka wanko min shi babba."

Ranar Juma'a dattijon ya je masallaci da hoton a cikin ambulan. Duk wanda ya taɓa buɗe kafaɗar da yatsa biyu, sai da aka nuna masa mai hannun. Sagiru ya koma lodi a wata tasha.

Sai da aka fara yankan dawa saƙo ya shigo, daga lambarta ta da.

"Sarkin Kilina, ban yafe maka ƙafafun Inna ba tukuna."

"Ni ma ban yafe wa kaina ba, Malamata."

"Baba ya ce wanda ya jawo min magana shi ya kamata ya zauna ya ji ta tare da ni. Ya ce a gaya wa kawunka an sayi sabuwar tabarma."

"Ke fa, me kika ce?"

"Na ce darasi bai ƙare ba. Gobe bayan azahar."

An ɗaura aure a Kibiya bayan kaka. Ba a yi hoton kafin biki ba, ba wanda ma ya yi gigin kawo maganar. Kundin aurensu Bara'atu ce ta haɗa da hannunta, ta bar wa ango gefunan hula kawai, tana tsaye a kansa. A shafin farko ba amarya da ango ba ne. Ita ce da Innarta, hannu a kafaɗa, kuma daga ƙugu zuwa ƙasa, inda kilina ta ci, ta jera furanni har suka rufe wurin.

Allah ya jiƙan Barira, ya haskaka makwancinta. Su kuma Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, mai hannun uwarsu. Kilina dai tana nan a kwamfutar shagon, a jerin kayan aiki. An ce har yau in maus ɗin Mahdi ya bi ta kusa da ita, sai ya ɗauke hannu ya yi bismillah.